Akwatin da Ya Kai Ƙarata Wurin Yayan Matata

Jama'a, yau da safe motata ta tona mini asiri a ƙofar gidana, kuma Masu Girma ne suka koya mata.

Kun san sabuwar dokarsu: kowace mota a liƙa mata ɗan akwati a ƙarƙashin sitiyari, wai don ya taimaki direba. Ka taka mai, ya yi ƙara. Ka kauce wa rami, ya ce ka bar layinka, layin da ruwa ya wanke tun ina saurayi. Allah ya ƙara wa Masu Girma basira. Ramin ba su cike shi ba, amma sun samo mai yi mini tsawa in na kauce masa.

Ranar liƙawa, bayan na bushe a layi, ma'aikaciyar ta ce in rubuta lambar ɗan'uwa saboda hatsari. Wayata ta mutu, lamba ɗaya tak ce a kaina, ta yayan matata, don yawan kiran da yake mini na aron mota. Na rubuta.

Shi kuwa Yaya, wata uku ina ce masa motar tana gareji. Ba rowa ba ce, tsoro ne. Mutum ne da ya ɗauki birki a matsayin ado, akwatin kuma sunana kaɗai ya sani. Gargaɗi uku, a ƙwace lasisi.

Sai ga shi da safe, waya a hannu.

"Ƙanina, ya mai jiki?"

"Da sauƙi, Yaya. Injin ne har yanzu."

"Ikon Allah. Tana jinya, amma jiya ta je kasuwa sau biyu, ta tsaya minti arba'in a shagon aski."

Matata ta leƙo daga kicin. "Aski? Da wane gashin?"

Ashe kullum akwatin sai ya tura wa wannan lambar rahoton duk inda na taka. Kunya ta rufe ni, na miƙa makulli.

Na kai kukana wurin maƙwabcina mai faci, daidai lokacin da ayarin wani Ranka-ya-daɗe ya wuce da jiniya har kwanon shagon yana rawa. Na ce, "Su fa, nasu akwatin ba ya ƙara?"

Ya ce, "An cire musu saboda tsaro. Inda babban mutum ya je ai sirri ne. Kai ne dai ba ka da sirri."

Yanzu haka a kan benci nake rubuta muku wannan, ƙafafuna a ƙasa, amma saƙo ya shigo wayata sau biyu cewa ina sharara gudu a babban titi. Saura ɗaya. Masu Girma, ranku ya daɗe, in za ku aiko a karɓi lasisin, ku ce wa ɗan aiken ya rage mini hanya zuwa wurin aiki.