Sabon Koci Ya Tsuke Mana Fili

Jiya na je kallon atisayen ƙungiyarmu, na zauna a gefen layi inda na saba zama shekara da shekaru, sai na ga ƙwallo can nesa kamar a gidan maƙwabta. Na cire tabarau na goge, na mayar. Mai kula da fili ya zo wucewa da bokitin farin fenti, ya ce, "Baba, idonka lafiya lau. Layin ne ya matsa ciki."

Ashe sabon koci ne ya sa aka tsuke filin. Ya zo mana da tawagarsa ta 'yan wasa, dattawa masu furfura a gemu waɗanda gwiwa ta daina yi wa biyayya. An rage musu wurin gudu, mu kuwa sai cin wasa muke yi. Mai Girma Shugaban Ƙungiya, Allah ya ƙara masa hangen nesa, kullum yana hoto rungume da koci.

Samarin da muka rena tun suna buga ƙwallo ba takalmi fa? An sallame su kaf. Koci ya ce kwantiraginsa na kakar wasa ɗaya ne, bai zo renon ɗan kowa ba. Filin atisayensu yanzu motocin manyan baƙi ke hutawa a kai. Wallahi abin ya ci mini rai.

Na kai kukana shagon maƙwabcina mai aski, wanda ko a mafarki ƙungiyar nan yake goya wa baya.

"Kai dai ba ka son ci gaba," in ji shi. "Mu ne a saman teburi!"

Na ce, "Baɗi fa? An ce kocin ya fara ɗaure kaya, kuma da dattawansa zai tafi. Wa zai buga mana?"

"Allah ya kai mu baɗin tukuna."

"Ɗanka mai buga gaba, ina ya nufa da aka sallame shi?"

Almakashi ya tsaya cak a kaina. "Abokan hamayyarmu sun kwashe su, shi da abokansa. Ranar Asabar da mu za su kara. Uwarsa ta ce in na kuskura na yi wa ƙungiyarmu tafi, in nemi inda zan ci abincin dare."

Tsakanina da ku, ni ma ranar a ɓangaren baƙi zan zauna. Ba cin amana ba ne. Ina so ne kawai in ga 'yan ƙungiyarmu suna wasa.