Tukunyar Gidan Mariyama

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na ja shef ɗin shantiye, wato shugaban wurin gini, har gidan Mariyama don ya ga maciya amana da idonsa ba. Ko na so mantawa ma, matan unguwa ba za su bar ni ba.

Mu shida ne, ƴan Damagaram da Maradi mazauna ƙasar waje, muke dafa wa magina abincin rana. Shantiye ne babba a bayan kasuwar Assihar, duk samarin ƙasarmu ne ke aiki a ciki. Shef ɗinsu, Malam Sani, shi ya ba mu aikin, kuma tun ranar farko ya ce mana duk sa'ad da yara suka fara barin abinci a kwano, zai nemi wasu. A tsakar gidana ake girkin, don ni ba mai fita ba ce (in ba biki ko rasuwa ba, sai in yi wata ban ga ƙofar gidana ta waje ba). Da haka na zama shugaba.

Ƙanin maigidana, Lawali, mai aiki a buro, wato ofis, ya zauna ya karanto mini shawarwarin shugabanci daga wayarsa. Sun fi goma. Ni ban yi nisa a karatun lekkol ba, guda ɗaya na riƙe: shugaba ya sa ido a kan ingancin aiki. Washegari na kafa doka, ba mai zuba gishiri a miya sai ni. Rabi, ƙaramarmu, ta taɓa ɗanɗanawa ta ce, "Yaya, kamar ya ɗan yi yawa." Na mayar da ita wanke-wanke sati guda. Daga nan ba wadda ta sake cewa uffan, ni kuma na ce a raina, lallai na iya shugabanci.

To, Allah ya ba ni kunne. Ina zaune a ɗaki ina sanin takun kowa a lungunmu. Abdu, mijin Mariyama abokiyar girkinmu, shi ke kai abincin da motarsa, sai na lura in ya tashi daga ƙofata ba ya nisa. Injin ya mutu daidai gidansu, a jima, sannan ya sake tashi. Kullum haka. Nama kuma in an sayo, wanda ke shiga tukunyata bai kai wanda na aika a sayo ba. Rannan ina bayan labule na ji Rabi ta ce da Mariyama ƙasa-ƙasa, "Kin ɗora taki?" Mariyama ta ce, "Tun ɗazu. Yi shiru."

Taki. Wato akwai wata tukunya a duniya da ban san da ita ba.

Kwana uku ina haɗa zance a kaina. Na gama yarda cewa suna dafa tasu miyar a ɓoye suna kai wa Malam Sani, don ya ce tasu ta fi, su karɓe aikin su bar ni da murhu. Duk wadda ta yi mini murmushi sai in ce ga wata. Har Inna Hadiza, wadda ta yi mini wankan jego, na sa ta a ciki. Lawali ya ce, "Yaya, ki tara su ki tambaye su mana, yana cikin abin da na karanta miki." Na ce masa wannan ba aikin buro ba ne, aikin mata ne.

Na kira Malam Sani a waya na ce ya zo da hantsi, akwai abin da zan nuna masa. Na sa mayafin biki (har turare na fesa, don in ci nasara da kyan gani). Mota na mutuwa a gidan Mariyama, na ce masa mu je.

Muka same su a tsakar gida. Miyata tana cikin babban daro, Mariyama na juye tata a kai, Rabi na juyawa da muciya, Inna Hadiza na tsaye da cokali.

"Ga su nan, Malam," na ce. "Ka gani da idonka."

Malam Sani ya karɓi cokalin, ya ɗebi ragowar tukunyar Mariyama. "Wannan ai lami ce, ko ƙwayar gishiri babu." Ya ɗebi ta cikin daro. "Wannan ita muke ci kullum." Sannan ya kankaro gindin tawa tukunyar da Abdu ya sauke a gefe, ya kai baki. Ya rufe ido. Ya ce a ba shi ruwa. Sai da ya shanye kofi biyu ya dube ni.

"Hajiya, ke ƴar Damagaram ce ko ƴar Bilma? Can ne na san ana haƙo gishiri haka."

Rabi ta cusa bakin mayafi a baki, kafaɗunta na rawa. Mariyama ce ta yi mini bayani, idonta a ƙasa. Tun satin da na kafa dokata Abdu ya fara dawowa da kwanoni rabi. Suka ga aikin zai tafi, sai suka riƙa raba naman biyu, tana dafa miya ba gishiri da gas ɗinta, su haɗa da tawa kafin a kai. Wata huɗu ke nan.

"Me ya hana ku faɗa mini?"

Inna Hadiza ta ce, "Ƴar nan, mu biyar ne. Kwanonin wankewa ba su kai mu duka ba."

Malam Sani ya goge baki ya ce shi ba ruwansa da tukunya nawa ce, amma in tawa ce za ta je ita kaɗai, a faɗa masa tun yanzu ya nemi wasu. Na koma gida da mayafin bikina, na ɗauko robar gishiri, na dawo na miƙa wa Rabi a gabansa. Na ce na sauka daga shugabancin ma. Suka ƙi. Wai ba mai iya tara su a kan lokaci da raba musu faɗa sai ni, hannuna ne kawai za a tsare.

Da maigida ya dawo na tambaye shi, shekara ashirin yana cin girkina, me ya sa bai taɓa magana ba. Ya ce, "Na yi, a Damagaram, shekarar aurenmu. Kwana uku ba ki gaishe ni ba." Ni kuwa duk tsawon nan na ɗauka zafin gari ne ke sa shi shan ruwa haka.

Yanzu tukunya ɗaya muke ɗorawa. Abin da na koya shi ne, in mutanenka sun yi tsit, kafin ka kira shef, ka tuna abin da ka yi wa wanda ya faɗa maka gaskiya na ƙarshe. Duk Juma'a nakan tara su in ce kowa ta faɗi laifina ɗaya. Ban san suna da yawa haka ba. Rabi ma biyu-biyu take kawowa.