Rasuwar Akwatin Tabar Obdulia

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Don Evelio Carballo na garin San Juan y Martínez da 'yarsa Nereida na sanar da dangi, maƙwabta da dukkan manoman taba rasuwar akwatinsu na ajiyar taba, na katakon al'ul mai ƙamshi, wanda ya cika ranar Lahadi da hantsi a kan teburin cin abinci, a gaban shaidu.

Marigayin ya shigo gidan tare da Obdulia, matar Don Evelio, wadda ta ƙare rayuwarta tana naɗa ganyen taba, ta kuma riga shi tafiya. Ba mai surutu ba ne. Maganarsa ɗaya ce: in aka saki murfinsa, yakan sauka a hankali ya ce "fuf", kamar tsoho ya samu kujera. Duk ɗan garin nan ya san wannan numfashin, iskar waje ba ta da ƙofar shiga ke nan. Da damina ya shanye laimar da ta yi yawa, da rani ya mayar da ita. Karan tabar da ya kwana a cikinsa yakan ci wuta daidai wa daida, tokarsa ta tsaya ƙyam, hayaƙi ya zo ba gardama.

Amanarsa ta ƙarshe ita ce naɗin da Obdulia ta yi kafin ta kwanta ciwo, ta ce kada a taɓa sai ranar auren Nereida. Auren kuwa Asabar mai zuwa ne. Ango Yosvany ɗan Dagoberto Pimentel ne, mai gonar tsallaken rafi. Shi Dagoberto, tun ranar da Obdulia ta ƙi shi ta zaɓi Evelio yake yawo da magana ɗaya: wai hannunta ya cika matsi, tabarta sai mai huhun doki.

Ciwon ajali ya fara da guguwar makon jiya, wadda ta ɗage kwanon ɗaki ta yi wa marigayin wanka. Don Evelio yana can yana ceton rumfar shanya ganye. Yosvany ya zo taimako, ya ga akwati sharkaf, ya ɗauke shi da zuciya ɗaya ya ɗora a kan rufi cikin tsakar rana, taba na ciki. Kafin tsohon ya dawo, katako ya murɗe.

"Baba, ka san halin ubansa," in ji Nereida. "In ya ji ɗansa ya shanya taba a rana, ƙanin Yosvany zai ba gonar. Da me za mu zauna?"

Don Evelio ya ɗauki akwatin ya mayar da shi kan kanta.

Ranar Lahadi Dagoberto ya zo maganar biki. Ya kurɓi kofi, ya miƙe ƙafa.

"Mutumina, ina tabar marigayiya? Kawo mu ɗanɗana tun kafin ta kunyata ka a gaban baƙi."

Hanawa ba ta yiwuwa. Dagoberto ya zaɓi kara ɗaya, ya murza shi kusa da kunne. Ganyen waje ya yi ƙaras, ciki kuwa jiƙe yake. Ya kunna. Wuta ta bi gefe ɗaya da gudu, ta mutu. Ya sake kunnawa, ya zuƙa har kumatunsa suka lotsa. Ta sake mutuwa. Murmushi ya fara hawa gashin bakinsa.

"Ban faɗa ba? Hannun nan nata..."

Don Evelio ya dubi hoton matarsa a bango, ya dubi Yosvany da gumi ya jiƙe wa riga. In ya yi shiru, sunan Obdulia ya tafi. In ya yi magana, gonar yaron ta tafi. Sai ya ɗaga murfin marigayin, ya sake shi.

"Ƙwas!"

Wannan ce kalmarsa ta ƙarshe. Babu sauran "fuf", murfin ya daina kama bakinsa. Dagoberto ya cire hularsa, ya bi bakin akwatin da babban yatsa.

"Ruwa kaɗai ba ya wannan aiki. Wa ya ba shi rana?"

"Tsufa ne."

"Tsufa, Evelio?"

"Kai ma murfinka ya daina rufuwa. Wa ya shanya ka?"

Dagoberto ya daɗe yana kallon ɗansa. Sannan ya zaro wuƙa ya tsaga karan da ya mutu, ya baje ganyen a tafinsa, ɗaya bayan ɗaya.

"Hannunta lafiya lau," ya ce da ƙyar. "Tsufa ne. Allah ya jiƙan akwati."

Marigayin ya bar marayu goma sha tara, wato karan tabar da suka rage, waɗanda ke jinya yanzu a akwatin Dagoberto, inda za su warke a hankali, don tabar da ta sha wuya ba a yi mata gaggawa. Ya bar soson laimarsa, da ɗan makullin da ba a taɓa buƙata ba, da Don Evelio, wanda har yau yake kai hannu kan kanta ya dawo da shi wayam.

Za a yi jana'iza ranar Asabar, bayan an fito daga ɗaurin auren a coci, a ƙarƙashin mangwaron gidan. Za a tsaga marigayin siri-siri, a kunna wa marayunsa wuta da shi. Dagoberto ya roƙi kara na farko, an ba shi. Yosvany ne zai riƙe gatari.

Ba a buƙatar furanni. Wanda duk ya ga wani abu a kan rufin kwano ranar da aka yi rana, ana roƙonsa ya rufe bakinsa kamar yadda marigayin ya rufe nasa.