Tsallen Da Na Yi A Bikin Usman

Ko tsufa ya ruɗa ni, ba zan taɓa mantawa da bikin abokina Usman a unguwar Karantina ta Jidda ba. A shekarun tamanin ne, ina tsaron shagon kaset, na kuma naɗa kaina malamin tarihin kiɗan rok na duk Jidda. Ka shigo sayen kaset ɗin karatu, in tsare ka da labarin yadda aka fara jona jita da lantarki, da taron da Turawa suka yi kwanaki a gona cikin taɓo suna jin kiɗa. (Ni kuwa ko jirgi ban taɓa hawa ba.)

Abin da ya tafi da imanina wani bidiyo ne: mawaƙi ya gama waƙa, ya faɗa kan jama'a, suka cafe shi suna yawo da shi a sama.

Ranar bikin aka ba ni dama in kaɗa jitata a ɓangaren maza. Na san Maryam tana leƙowa daga sama tare da sauran mata, kuma a satin ne mahaifinta, Baba Idrisu, zai ce ya ba ni ita ko ya hana. Ina sonta kamar in mutu. So nake ta ga ba ƙaramin mutum ke nemanta ba.

Na hau tebur, na kaɗa, na girgiza suma, gumi sharkaf. Samari suka taso suna tafi: "Yalla, ustaz, yalla!" Kaina ya kumbura. Na ajiye jita, na buɗe hannuwa, na daka tsalle.

Abin da ban lissafa ba, kowa farar jallabiya ya saka, ta sha guga. Ba ɗan Jiddan da zai tari jiƙaƙƙen ƙato da ita. Suka dare biyu. Na sauka rub da ciki a farantin shinkafa da naman rago da aka ajiye wa dattawa yanzun nan.

Sai ga dariyar mata daga sama. Na ɗago, shinkafa har cikin kunne, ga Baba Idrisu ya naɗe hannun riga ya yi bisimilla. Ya dube ni, ya dubi ƙanensa.

"Wannan ne yaron?"

"Shi ne, Yaya."

"Halas, magana ta ƙare, a ba shi ita. In aka bar shi ba mai kula da shi, wata rana daga bene zai faɗo."

Haka na samu mata, ba don kiɗa ba, don tausayi. Tun ranar na gane masu tafa maka ba su ne masu tare ka ba, balle in sun sha guga.