Ranar da Na Kai Japan Zauren Surukina

Ba zan taɓa mantawa ba da gaisuwar Sallar da na kai gidan su Saratu a Talata Mafara, lokacin ana shirin sa mana rana. Ban daɗe da kammala digiri na biyu a tarihi ba, kuma bincikena a kan Japan ne: yadda malamansu suka fara shuka tunanin mamaye maƙwabta tun kafin soja ya ɗauki bindiga. Kaina cike yake da wannan magana. Ɗalibaina na sakandare sun gaji da ita, abokaina kuwa da na ce "Japan" sai kowa ya tuna yana da uzuri.

Na tafi da abokina Lawali. Muka tarar da Alhaji, mahaifin Saratu, babban dillalin shanu, zaune a zaure da baƙi. Gefensa akwai wani siririn dattijo da aka ce mini ƙanensa ne daga Bakura, Baba Ƙarami. Muka durƙusa muka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi gida, aiki, ruwa, har da gajiyar hanya (alhali unguwa ɗaya muke). Na sunkuyar da kai kamar yadda ya kamata.

Can sai Alhaji, don dai ya sake da ni, ya tambaye ni wai me na karanta ne a jami'a da ya ɗauke ni shekaru haka.

Amsar kalma ɗaya ce: tarihi. Amma mutumin da ya daɗe bai samu mai sauraro ba, ga manya sun yi shiru suna jiransa, Allah ya kiyaye. Na gyara zama.

Na ba su labarin yadda wasu malaman Japan suka koyar cewa sarkinsu jinin abar bautarsu ta rana ne, don haka ƙasarsu ta fi kowace ƙasa daraja. Na faɗi yadda jiragen ruwan Amurka suka tilasta musu buɗe tashoshinsu, da yadda suka ga Turawa sun wulaƙanta Sin, tsoro ya shige su. Baƙi suna gyaɗa kai. Wani ma ya ce ikon Allah. Wannan ya ƙara mini mai.

Sai na zo wurin da na fi so. Na ce dabarar da ta fi kowace haɗari ita ce ta babban wa. Masanansu suka ce mutanen Asiya gida ɗaya ne, Japan ce yaya, don haka bari ta riƙe wa ƙanne ƙasarsu kada bare ya ƙwace. Na ce da wannan daɗin baki aka haɗiye Koriya, aka rubuce gonakin mutane da sunan Japan, shinkafar da suka noma ana lodinta zuwa gidan yaya, su kuma suna fama da yunwa.

Lawali ya taka mini ƙafa. Na ɗauka ƙafarsa ce ta yi sanyi, na matsa masa.

Na rufe da ƙarfi, har da ɗaga yatsa: duk yayan da ya ce bari in riƙe maka gonarka don amfaninka, to ka bincika buhunan ina suke kwana.

Alhaji ya kafa wa carbinsa ido. Baba Ƙarami kuwa fuskarsa ta washe kamar an yi masa bushara. Ya matso, ya ce a hankali, "Malam, wagga magana ta yi daɗi. To su ƙannen, sun samu gonarsu daga baya?"

Ni kuma, saboda amanar ilimi, na ce sun samu, amma sai da yayan ya sha kashi ya durƙusa a gaban duniya.

Alhaji ya miƙe ya ce lokacin salla ya gabato. (Da sauran kusan awa guda kafin la'asar.)

A waje Lawali ya warware mini. Ashe tun rasuwar mahaifinsu Alhaji ke riƙe da gonar gadonsu ta noman rani a Bakura, yana cewa kada a raba ta lalace. Baba Ƙarami ke noman shinkafar, buhuna kuma Mafara suke zuwa. Rikicin ya kai gaban manya, kuma wannan Sallar ce karon farko da suka zauna tabarma ɗaya. Duk garin ya sani, ban da ni da hankalina ke can Tokiyo.

Da yamma Saratu ta kira, muryarta a sanyaye. Ta ce Alhaji yana tambaya ko Baba Ƙarami ne ya turo ni, kuma ya ce a dakata da maganar sa rana. Sai da kawuna ya je da kansa, ya rantse cewa ba makirci ba ne, haka nake tun ina yaro. Alhaji ya yi nazari ya ce ya yarda, don mai wayo ba zai yi haka ba. Ban taɓa jin daɗin a kira ni marar wayo ba sai ranar.

An ɗaura auren bayan damina. Gonar ma an raba ta daga baya, amma manya ne suka yi aikinsu, ba ni ba, ko da yake Baba Ƙarami duk kaka sai ya aiko mini da shinkafa, mu kuma mu shigar da ita ta ƙofar baya.

Abin da na koya shi ne, kafin ka karantar da mutane tarihin wata ƙasa, fara tambayar tarihin gidan da kake zaune a ciki. Yanzu idan Alhaji ya tambaye ni labarin makaranta, nakan ce alhamdu lillahi, in tambaye shi kasuwar shanu.