A Sake Buɗe Mana Asibiti Kafin Auta Ta Haihu

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Hukumar Buɗe Ayyuka da Yanke Ƙyalle, uban marasa lafiya, gatan masu naƙuda, wanda jiniyarsa ke riga shi isowa.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da kujerarka, da fatan iyali sun dawo lafiya daga ƙasar wajen da suke zuwa ganin likita, ina neman izinin gabatar da kaina. Ni tela ne. Shagona yana kallon ƙofar asibitin unguwarmu, titi ne kawai a tsakaninmu. Ba ka san fuskata ba, amma ka san almakashina, domin shi masinjanka yake arowa duk ranar da za ka buɗe mana wannan asibiti. Ka buɗe shi da aka gina shi, ka buɗe shi da aka yi masa fenti, ka sake buɗe shi da aka canja masa suna. A faɗin jamhuriyar nan ban san ginin da ya sha buɗewa kamarsa ba.

Da yake wasiƙar a buɗe take, bari in bayyana wa masu karatu hikimar hukumarka. Ana gobe za ka zo, sai wata babbar mota ta iso ɗauke da gadaje, katifu, labule, janareta, tukunyar iskar numfashi, fitilar ɗakin tiyata da kwalayen magani, ga likita zaune a gaba kusa da direba. Ka zo, ka yanke ƙyalle, a tafa, a ɗauki hoto. Kafin ƙarar jiniyarka ta gama ɓacewa an kwashe komai, har likitan, an nufi garin da za ka buɗe gobe. Mahassada suna kiran wannan yaudara. Ni kuwa tattali nake kiransa. Ƙasa matalauciya irin tamu, me za ta yi da asibitoci barkatai alhali guda ɗaya a kan taya ya isa kowa ya gani?

Sai dai akwai 'yan ƙorafe-ƙorafe da biyayya ta hana ni ɓoye maka.

Na ɗaya, batun labule. Koren labulen nan na ɗakin haihuwa ya taɓa yagewa wajen saukewa, ni na yi masa faci da wani shuɗin yadi. Tun daga ranar, duk asibitin da ka buɗe a talabijin sai mun ga facin yana leƙowa ta bayan kafaɗarka. Maiɗakina har ta saba, sai ta ƙwala mini kira: "Malam, zo ka ga ɗinkinka ya kai bakin iyaka, mu ko tasha ba mu taɓa wucewa ba!" Ni dai abin alfahari ne a wurina. Tsorona kada baƙin nan masu ba da agaji su gane shi. A canja labule, ranka ya daɗe, ko a turo mini shi in juya facin ciki.

Na biyu, yadda ake zaɓen majinyata. Na fahimci cewa mara lafiya na gaskiya yana ɓata hoto: ga rama, ga tari, ga shi bai iya murmushi ba. Shi ya sa ranar zuwanka ake tattara su a kai su gindin bishiyar bayan gini, a kwantar da masu jini a jika a kan gadajen. Ban ƙi ba. Amma me ya sa kullum wanzamin layinmu ne yake samun gadon kusa da taga? An naɗa masa bandeji a ka, an naɗa masa a ƙafa, zuwan ƙarshe har ruwa aka rataya masa. Da ya fito yana suɗe hannu cewa ya yi da ni, "Tela, ciwon gwamnati daɗi gare shi, har lemo ake bayarwa." Shin babu sauran lafiyayyu a unguwar ne? A riƙa zagayawa da abin, kowa ya ɗanɗana.

Na uku, jawabinka a kan yawan jama'a. Ka tsaya a ƙofar asibitin ka ce mun yi yawa, muna haihuwa fiye da ƙarfin baitulmali. Mun tafa, domin an ce mana duk inda ka ja numfashi mu tafa. Amma a ganina ba a yi wa asibitin adalci ba. Tsakanin zuwanka da zuwanka, babu ma'aikatar da ta kai shi ƙoƙari wajen rage mu, ba tare da ya ci wa gwamnati ko ƙwayar magani ba. Ashe bai cancanci lambar yabo ba?

Na huɗu gajere ne. Almakashin da kake yanke ƙyalle da shi, shi ne wanda Sista, ma'aikaciyar jinya ɗaya tilo da mota ba ta kwashewa, take arowa ta tafasa ta yanke cibiya. A gaya wa masinja ya daina riƙe shi har yamma. Akwai masu jira.

Na biyar shi ne ya zaunar da ni rubutu, na bar ɗinkin mutane a kan keke. Ba a sanar da mu ranar zuwanka da wuri, ciwo kuma bai san jadawalin hukuma ba. Matar mai facin taya ta yi sa'a: naƙuda ta kama ta kana tsakiyar jawabi, haihuwar ta zo da gardama, likita na nan, wuta na nan, aka yi mata aiki aka ciro yaro lafiyayye. Har yau Ɗan Ziyara muke kiransa. Wannan ya tabbatar mana cewa kayan motarka ba na ado ba ne, suna aiki.

Autata kuwa, bara, ta makara. Nata ciwon ya taso ana ɗaure igiyar mota. Mijinta ya bi motar a kan babur yana ɗaga hannu yana ihu, direba ya leƙo ya ɗaga masa hannu shi ma, a zatonsa ban kwana ake yi. Sista ta yi iyakar yinta a kan tabarma. Auta ta tashi. Jikan nawa bai tashi ba. Ban ɗora wa kowa laifi ba. Yarinyar ce ba ta iya lissafi ba.

Yanzu ga shi ta sake samun ciki, watanta ya kusa tsayawa. Sista ta duba ta ce ɗan a gicciye yake, sai an yi aiki. Babban asibiti yana hayin gadar da ruwa ya cinye, wadda ita ma kai ka buɗe. Jiya Auta ta zo shago ta zauna a kan bencin masu jiran ɗinki, ta daɗe tana kallon ƙofar asibitin, sannan ta ce, "Baba, ba ka ji ko za su zo ba?" Na ce mata zan tambaya. Ga shi ina tambaya.

Ba na roƙon a bar mana likita, na san ba mu kai nan ba. Ba na roƙon gado ko magani na dindindin. Roƙona kawai ka sake zuwa ka buɗe mana asibitin nan a farkon watan gobe. Idan dalili ake nema, mun tanada: mutanen layi sun yi karo-karo sun shafe ƙofar da sabon fenti, mai walda ya gyara ƙyauren taga. Ƙyalle daga gare ni, kyauta. Wanzami ya yi alkawarin bar wa Auta gadonsa, ita kuma ta yi alkawarin yin murmushi idan mai hoto ya iso kanta. Alfarma ɗaya za mu ƙara nema: ka tsawaita jawabi. Ka yi magana a kan yawan jama'a, ka maimaita, ka kawo tarihi. Muddin kana magana mota ba za ta tashi ba, mu kuma za mu yi ta tafi har sai mun ji kukan jariri.

Almakashin na nan, na wasa shi. Idan ka yanke naka, ka miƙa wa Sista.

Idan kuma ayyuka sun yi maka yawa ba ka samu zuwa ba, kada ranka ya ɓaci, ba za mu ɗora wa hukuma wani nauyi ba. Ni tela ne. Farin yadin da na yanka wa jikana bara, akwai saura.

Naka mai biyayya, mai tafi tun kafin a ce a tafa,

Tela Mai Kallon Asibiti,
mahaifin Auta.