Ranar da Aka Ba Lado Daur Awwal

"Ni fa da kuke gani, tuƙi ƙaddara ce kawai ta same ni," in ji Lado, yana juya makullin motar kamfani a yatsa. "Da na tsaya a Kano, da yanzu hotona yana manne a bayan kowace a-daidaita-sahu. Larabci kuwa, in na soma zuba shi, Balarabe ma sai ya nemi wurin zama."

Nan kam bai yi ƙarya ba, mai karatu. Balarabe yakan nemi wurin zama, don kada dariya ta kayar da shi. Shekara goma sha ɗaya Lado yana tuƙi a unguwar Ulaya ta birnin Riyad, ɗakinmu ɗaya da shi, kuma duk Larabcin da ya tara bai wuce fi da mafi da yalla da halas ba, wato akwai da babu da mu je da shi ke nan. Amma in ka ji shi yana cika baki, sai ka rantse shi ya koya wa limamin unguwarmu huɗuba.

To, wannan uban 'yan kurin ne ya ga Muhibba, 'yar Alhaji Munzali mai shagon turare, ya ce ba shi da mata sai ita. A Riyad aka haife ta, Larabci ya fi Hausa zama a bakinta. Alhaji bai kore shi ba, bai kuma amsa ba. Cewa ya yi, "Ka ba ni zuwa ƙarshen sanyi, ina lura da kai."

Sanyin ya shigo da ƙarfinsa, sai wani ɗakin karatu a unguwar Al-Murabba ya shirya bikin hunturu: baje littattafai, kiɗan molon Larabawa da suke kira ud, da wasan kwaikwayo ranar Alhamis. Muhibba tana cikin masu taimakawa. Ta faɗa a gaban Lado cewa ana neman mutane, kafin ta rufe baki gogan ya ba da sunansa. Bai tambayi aikin me ba. A ganinsa, in dai akwai dandamali a gari, wa za a nema in ba shi ba?

Ranar Juma'a muna cin kabsa, dafa-dukar shinkafar Larabawa, da baƙonmu Zainulabideen, wani ɗalibin jami'a mai sanyin hali, sai wayar Lado ta yi ƙara. Saƙon Muhibba ne da Larabci. Ya bi shi baƙi-baƙi da yatsa kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa, sannan ya miƙe tsaye, hannu duk maiƙo.

"Daur awwal! Lado, daur awwal, Alhamis bayan la'asar! Kun san daur? Matsayin da ake ba ɗan wasa ke nan, na sha jin sa a talabijin. Awwal kuwa na farko. Ni ne jarumin wasan!"

Zainulabideen ya ajiye cokali. "Yaya Lado, daur fa ma'ana biyu gare shi. Akwai..."

"Ustaz, dakata. Naka na littafi ne, nawa na fili ne. Hassada dai ba ta da kyau ga mai karatun addini."

Ustaz ya ɗauki cokalinsa ya ci gaba da cin abinci.

Na ce masa, "To ina takardar wasan? Me za ka faɗa?"

"Takarda ta ƙananan 'yan wasa ce. Irinmu fitowa kawai muke, magana ta zo da kanta."

Kwana shida ba mu huta ba. Ya aro baƙar alkyabba mai bakin zinariya wurin wani direban ofishin jakadanci, ya kafa madubi a jikin firiji yana koyon kuka da dariyar sarauta. Maƙwabcinmu ɗan Sudan har ya ƙwanƙwasa ƙofa yana tambayar wa ya rasu. Babban gangancin shi ne da ya tafi shagon turare da ƙafarsa.

"Baba Alhaji, ka ce kana lura da ni. To ka zo ran Alhamis ka lura da kyau."

Ranar Alhamis iska tana kaɗawa mai shiga ƙashi, kowa ya naɗe cikin farwa, wato rigar sanyin nan mai gashin tunkiya a ciki. Lado ya isa ƙofa cikin alkyabba, ya ɗaga wa mai gadi haɓa. "Ana daur awwal," wato shi ne daur awwal. Mai gadi ko kallo na biyu bai yi masa ba, ya nuna matattakala.

A hawa na ɗaya muka tarar da dogon tebur, da maratayin riguna, da kwandon lambobi. Muhibba tana tsaye da takarda a hannu.

"Ahlan, Malam Lado, ka zo da wuri. Nan ne wurinka. Zauren wasa yana sama, akwai ɗumi a ciki, kowa zai bar farwarsa nan. Ka karɓa, ka rataye, ka ba shi lamba." Ta dubi alkyabbar. "Wannan kuma ta mece ce?"

Ta wuce kafin ya amsa. Ni dai na gane nan take, daur ɗin hawan bene ne. Na raɗa masa. Ka san abin da sarkin wawayen ya ce?

"Gwaji ne. Haka ake yi wa manya, a ga ko suna da girman kai."

Ya karɓi riguna kamar arba'in yana cika yana batsewa. Lambobin kuwa ya riƙa miƙa su yadda hannunsa ya ɗebo, bai liƙa ko ɗaya a jikin riga ba. Alhaji Munzali ya iso, ya tuɓe farwarsa mai ruwan ƙasa, wadda ya ce tun zuwansa ƙasar yake tare da ita.

"A nan kake wasan?"

"Somin-taɓi ne, Baba Alhaji. Hau sama, yanzu za a kira ni."

Ba a kira shi ba. Da ya ji tafi daga sama sai ya ce an yi masa zagon ƙasa, ya bar tebur, ya haye. Na bi shi, don irin wannan ba a ba ka labari. Ya bi ta bayan labule ya faɗo dandamali daidai lokacin da ake tsakiyar makoki. Wani tsoho yana kwance a matsayin gawa, ɗansa yana kuka, mai ud yana kiɗa a hankali. Lado ya buɗe alkyabba kamar zakara zai yi cara.

"Ana fi jarumi! Inta mafi kuka! Yalla, halas!"

Wai nufinsa shi ne jarumi, ɗan mamacin ya daina kuka. Ya matsa gaba don ya ƙara, ya take yatsun gawa. Gawa ta tashi zaune ta zunduma ihu, har da ashar. Mutane suka kece da dariya, wasu har da riƙe ciki. Lado ya ɗauka yabo ne, ya rusuna sau uku, yana cikin na huɗu masu gadi biyu suka ɗauke shi cak.

Da aka tashi, hawa na ɗaya ya koma kasuwa. Mai lamba bakwai ya ja rigar mai lamba talatin, gajere ya fita cikin rigar dogo tana share ƙasa. Farwar Alhaji kuwa wani bawan Allah ya riga ya tafi da ita. Muhibba tana ba mutane haƙuri, idonta ya ciko don kunya.

A bakin ƙofa, ana kiran magariba, Alhaji yana rawar sanyi cikin jallabiya. Lado ya matso.

"Baba Alhaji, ka dai ji tafin da aka..."

"Tuɓe alkyabbar nan." Ya tuɓe. Alhaji ya yafa ta. "Riga na ba ka ajiya ta awa biyu, ka kasa. Kai ne zan ba 'ya?"

Bayan wata huɗu katin ɗaurin aure ya iso ɗakinmu: Muhibba da Zainulabideen. Lado ya bi rubutun da yatsa har ya kai inda aka sa wurin walima, sai na ga idonsa ya yi haske. Daur awwal, ɓaro-ɓaro. Ya buɗe baki ke nan na nuna masa ƙasan katin, inda amarya ta ƙara layi ɗaya da biro, da Hausa, don kada a sake samun matsala:

"Bene ake nufi, Malam Lado. Ba kai ne angon ba."